Tun Da Muka Binne 'Yarmu Maigidana Ke Neman Shaidar Tashin Almasihu

Anti Mukarrama, don Allah ki taimake ni. Ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, don ni kaina ban san ta inda zan kama ba. Na san ke Musulma ce. Ni kuwa Kirista ce, Bahaushiya, daga wani ƙauye a ƙasar Ikara, can wajen Kurmin Kogi. Kakanninmu Maguzawa ne, a zamanin iyayenmu bishara ta shigo gidanmu. Kada ki yi mamakin yadda na tsallake fastoci da matan zumuntar majami'a na zo gare ki. Duk wanda zan gaya wa a cikinmu ya san maigidana, kuma maganar da ta fita daga bakina da safe, kafin la'asar an ji ta a kasuwar Makarfi.

Maigidana mai bishara ne. Shi ke riƙe da 'yar majami'ar ƙauyenmu, shi ke wa'azin Lahadi, shi ke tsayawa a bakin kabari idan an yi rashi. Fasto sai jefi-jefi yake zuwa daga gari. A gidan ikilisiya muke zaune, gonar ikilisiya muke nomawa, sai 'yar fadamar da ya gada inda yake rake da tumatir. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba sai a kan bagadi, inda yake tsayawa ya yi wa'azi.

Bara da bazara 'yarmu ta fari ta rasu. Sanƙarau ne. Tana karatun aikin jinya, ta zo hutu, ta ce kanta na ciwo. Muka ɗauka zafin rana ne, babanta ya ce a ba ta magani ta kwanta zuwa gobe. Washegari wuyanta ya sanƙare. Kafin a samu mota a kai ta asibiti ta fita hayyacinta, ba ta ƙara gane kowa ba. A makon Ista aka binne ta. Ranar Lahadin Ista kuwa, ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba, mutumin nan ya hau bagadi ya yi wa'azin tashin Almasihu daga matattu, wa'azin da ba a taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Ya ce tunda kabarin Ubangiji fanko ne, to na 'yarsa ma ajiya ce kawai. Maza da mata ana ta kuka. Anti, maganar nan ce ta riƙe ni. Da ita nake tashi in hura wuta, da ita na iya ninke kayan yarinyar na raba wa ƙannenta.

Da damina ta faɗi sai na ga ya shiga karance-karance. Ya je Zariya ya aro littattafai a wurin wani malamin tarihi, ya riƙa sauraron laccoci a waya. Na yi murna, na zaci ƙarin ilimi yake nema don aikin Ubangiji. Da na tambaye shi, ya ce so yake ya ga shaidar da idonsa: su wa suka fara ba da labarin tashin, yaushe aka rubuta shi, wa ya gani, wa ya ji a bakin wani. Ya ce ya yi wa mutane alkawari a bakin kaburbura da yawa, yanzu da abin ya zo kan tasa 'yar yana so ya tabbata ba kan iska ya tsaya ba.

Daga nan wa'azinsa ya fara gajarcewa. Sai ya koma karanta nassi kawai ya zauna. Bayan Kirsimeti ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ya bar wa shugaban matasa bagadi. Maƙogwaronsa lafiya lau, ni ce shaida.

Rannan da rana na kai masa abinci fadama, lokacin saran rake. Na same shi zaune a kan kunya, adda a gefe, ko sanda ɗaya bai sara ba. Na ajiye kwano na ce yau sai ya gaya mini abin da ke cinsa. Sai ya fara. Ya ce littattafan bishara huɗun da muke karantawa ba a rubuta su nan da nan ba, sai bayan shekara arba'in ko fiye. Ya ce wanda ya fi tsufa a cikinsu, a tsofaffin kwafinsa, labarin ya tsaya ne inda mata suka gudu daga kabarin a tsorace, ba su gaya wa kowa ba, ragowar ayoyin daga baya aka ƙara. Ya ce huɗun ba su daidaita ba a kan mata nawa suka je, ko mala'ika ɗaya suka gani ko biyu, ko a wane gari almajiran suka fara ganinsa. Ya ce marubutan tarihi na wancan zamani da ba Kirista ba sun ambaci an kashe shi, amma babu wanda ya ce shi da kansa ya ga tashin. Na ce to me kake nufi, ƙarya ce ke nan? Ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur, ya ce, "Ban ce ƙarya ce ba. Cewa na yi ban sani ba. Kuma ba zan ƙara tsayawa gaban mutane in rantse a kan abin da ban sani ba."

Ban san yadda na iso gida ba. Na ɗauko nawa littafin bishara don in ƙaryata shi, na buɗe wurin da ya faɗa, sai ga ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan shafin yana cewa waɗansu tsofaffin kwafi ba su da ayoyin nan. Shekara da shekaru littafin yana hannuna, ban taɓa lura ba. Na jera labaran huɗu na karanta ɗaya bayan ɗaya, na ga bambancin da ya faɗa yana nan. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, a aji uku na sakandare na tsaya. Ban san ko wannan babban abu ba ne ko ƙarami. Abin da na sani, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma yanzu in muka zo baitin da ke cewa ya tashi, sai muryata ta maƙale. Matan suna zaton tuna yarinyar nake yi, sai su dafa ni. Ba su san tambaya nake yi a raina ba: idan bai tashi ba, to ita tana ina?

Ga wata damuwar kuma. Fadamarmu tana iyaka da ta Malam Uwaisu, wani malamin allo ɗan asalin Hunkuyi, abokin maigidana tun suna samari. Shi ya fara zuwa mana gaisuwa da aka yi rashin. Yanzu kullum ana ganinsu tare a gindin mangwaro, sai magana ta bazu wai mai bishara zai musulunta. Har wata ta tare ni a bakin rijiya tana tambaya ko gaskiya ne an canza masa suna. Na kasa haƙuri, na je har gidan Malam na durƙusa na tambaye shi. Ya ce, "Wallahi, uwargida, ban taɓa yi masa maganar addini ba, shi ma bai yi mini ba. Zama kawai muke yi. Wani lokaci ya yi hawaye, ni kuma in kau da kai." Na yarda da shi, amma wa zan tara in yi wa wannan bayani?

Yanzu ga Ista ta ƙarato. Baba Sani, babban dattijon ikilisiyarmu, ya zo har gida ya ce ko da raɗa ne maigidana zai yi wa'azin bana, don mutane sun matsu su ji irin na bara. Maigidana ya sunkuyar da kai. Da Baba ya fita sai ya ce mini shi a ranar zai miƙe ya gaya wa jama'a gaskiyar abin da ke ransa, ya ajiye aiki. Anti, in ya yi haka mun rasa gida, mun rasa gona, yaranmu uku za su zama abin nuni. Kuma tsofaffin matan nan da suka binne 'ya'ya da mazaje suna jingine da maganarsa, me zai bar musu? In na matsa masa ya yi wa'azin, na sa shi munafunci a gaban Allah. In na je na gaya wa dattawa a ɓoye, na ci amanarsa. In na yi shiru, ranar tana zuwa ko ina so ko ba na so. Na yi addu'a har na rasa abin faɗa. Abinci ma ba na tuna ban ci ba sai na ga jiri.

Ke mai karatu ce, kina da mutane masana. Don Allah ki bincika mini, ki gaya mini tsakaninki da Allah: akwai shaida ko babu? Abin da ya karanta ɗin shi ke nan, ko akwai saura? Me zan yi da mutumin nan? Kuma Anti, zan sake ganin 'yata?

Taki cikin damuwa,
Matar Mai Bishara, daga ƙasar Ikara

AMSA

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka. Allah ya ba ku haƙurin wannan babban rashi.

Bari in fara da inda nake tsaye, don kada ki yi ta zato. Ni Musulma ce, kuma a imaninmu Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Kin san haka kafin ki rubuto. Amma ba ki zo don in yi miki wa'azi ba, kuma ba zan mai da hawayenki ƙofar jan ki zuwa wani wuri ba. Tambayar tarihi kika yi, don haka na kai ta wurin mutum biyu: wata malamar tarihi a jami'a, da wani tsohon fasto da ya yi ritaya. Ban ambaci ƙauyenku ba.

Abin da maigidanki ya karanta ba ƙage ba ne. Dukansu biyu sun tabbatar mini. Yawancin masana suna ganin an rubuta littattafan bishara ne tsakanin shekara arba'in zuwa saba'in bayan abin ya faru. Maganar ƙarshen mafi tsufansu haka take, bambancin da kika gani da idonki ma yana nan. Faston ya ce duk wanda ya yi karatun tauhidi mai zurfi ya san wannan, har ya yi takaicin yadda ake tura masu bishara ƙauyuka ba a taɓa zaunar da su an gaya musu ba, sai su ci karo da shi su kaɗai a ranar da ba su da ƙarfi.

Amma akwai saura. Littattafan bishara ba su ne rubutu mafi tsufa ba. Akwai wata wasiƙa da ɗaya daga manzannin farko ya aika wa masu bi a wani birnin Girka, shekara ashirin da 'yan kai bayan abin. A cikinta ya kawo wani gajeren jawabi da ya ce shi ma karɓarsa ya yi daga waɗanda suka riga shi, yana lissafa mutanen da suka ce sun ga Almasihu da rai, waɗansunsu kuma ya san su ido da ido. Masana da yawa, har da marasa addini, suna ganin jawabin nan ya samo asali ne cikin 'yan shekarun farko. Wato ba labari ba ne da ya tsiro bayan duk shaidu sun mutu. Malamar ta ce abu biyu ne kusan duk masana tarihin wannan fanni suka haɗu a kai: cewa hukumar Rum ta zartar masa da hukuncin kisa, wanda wani marubucin Rum da ba Kirista ba ma ya ambata, da kuma cewa ba da jimawa ba mabiyansa suka gaskata da zuciya ɗaya cewa sun gan shi a raye, har suka jure tsanani a kan haka. Faston ya ƙara da cewa a wancan zamani ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi, don haka mai shirya ƙarya da wuya ya sa mata a sahun farko, kuma shaidu huɗu da bakinsu ya zo ɗaya tak sun fi zama abin zargi. Malamar ta ce hujjoji ne masu ma'ana, amma akwai masanan da ba su gamsu da su ba: wasiƙar nan ba ta ambaci mata ko kabari fanko ba, kuma waɗansu suna fassara ganin da aka yi a matsayin wahayi ko abin da tsananin baƙin ciki ke haifarwa.

To ga iyakar abin. Tarihi yana iya nuna miki abin da mutanen farko suka ce sun gani, da lokacin da suka faɗa. Ba ya iya shiga kabarin ya dawo miki da labari. Masu ilimi sun karanta waɗannan takardu iri ɗaya, wani ya fito da imani, wani ya fito babu. Wanda ya ce miki tarihi ya tabbatar da tashin kamar yadda ake tabbatar da ranar kasuwa, ya ƙara gishiri. Wanda ya ce miki tarihi ya rushe shi, shi ma ya ƙara. "Ban sani ba" da maigidanki ya faɗa ba zagin addininku ba ne, kuma ba hukuncin ƙarshe ba ne.

Yanzu ga abin da nake gani, kuma a nan na fi ƙarfi. Mutumin nan bai yi makoki ba. Ya binne 'yarsa ya hau bagadi ya lallashi gari, ba wanda ya lallashe shi. Kuma kin ce shi ya ce a bari zuwa gobe. Ina kyautata zaton kalmar nan tana cinsa fiye da duk littattafan Zariya. Ba ina cewa tambayoyinsa na banza ba ne, tambayoyi ne na gaske. Amma mutumin da ke zaune a gona ya kasa ɗaga adda, ba amsar tarihi kaɗai yake bukata ba. Kin taɓa ce masa ba ki riƙe shi da laifi ba? In ba ki taɓa ba, ki faɗa masa da bakinki, ko da kina ganin ya sani. Ku yi hirar yarinyar, ku je kabarinta tare. In rashin cin abinci da kasa aiki suka ci gaba, a gare shi ko a gare ki, ku ga likita, don baƙin ciki yana zama ciwo.

Kada ki matsa masa ya yi wa'azin da bai yarda da shi ba. Kada kuma ki kai ƙararsa a ɓoye. Amma ki gaya masa kai tsaye cewa tashi ranar Ista ya juye wa jama'a shakkarsa ba shi ne kaɗai hanyar gaskiya ba. Yana da hakkin ya ƙi faɗar abin da bai tabbatar ba. Ba shi da hakkin ya yanke hukuncin gidanku shi kaɗai, ko ya ɗora wa tsofaffin da suka zo sujada kayan da shi kansa bai gama ɗaurewa ba. Kafin ranar, ku je tare wurin Baba Sani, ya ce rashin 'yarsa ya kayar da shi, ba zai iya wa'azi bana ba, yana roƙon hutu na 'yan watanni. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Maganar maƙogwaro kuwa a daina ta. Sannan ya nemi wani babban fasto mai ilimi, nesa da ƙauyenku, wanda ya san waɗannan tambayoyi kuma ba zai razana ba, ya baje masa komai. In bayan hutun ya ga har yanzu ba zai iya ba, sai ya ajiye aikin cikin mutunci. Ba zan ɓoye miki ba, hakan na iya faruwa, don haka tun yanzu ku fara tunanin inda za ku zauna da yadda fadamar za ta riƙe ku.

Malam Uwaisu kuwa, ki bar su da zamansu. Mutumin da zai zauna da mai kuka ya kau da kai ba a samunsa ko'ina. Masu tambaya a bakin rijiya ki ce musu maigidanki makoki yake yi, ki ɗauki tulunki.

Sai ke. Kin jingina da muryarsa, da ta yi rauni sai kika ji kamar ƙasa ta tsage. Amma imaninki naki ne, ba aro kika yi a wurinsa ba. In muryarki ta maƙale a waƙa, ki yi shiru, sauran matan su ɗauka, ba laifi ba ne.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce wadda ba ni da takardar da zan nuna miki a kanta, malamar ba ta da ita, faston ma haka. Ni ma na binne ɗa, kuma ban taɓa samun amsar a ɗakin karatu ba. Abin da zan iya cewa, da mu da ku duk mun tsaya a kan cewa mutuwa ba ita ce ƙarshe ba, kuma Wanda ya halicci yarinyar nan bai manta inda aka kwantar da ita ba. Wannan imani ne, ba hujjar tarihi ba, kuma ban kira shi da wani suna ba don in faranta miki.

Na san kin so in ce miki e ko a'a, ban kuwa iya ba. Ki yafe mini. Ki ci abinci yau, ki kai masa nasa, ki zauna kusa da shi ko ba za ku ce komai ba. Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya sauran yaran, ya sa ku ga bayan wannan lokaci kuna tare.

Taku,
Anti Mukarrama